Na Sayi Gida Ba Dillali a Tsakani

Shekara 14 na yi ina zaman haya a Kurna, cikin birnin Kano, ni da iyalina, a wani gida mai sassa uku da muke haɗa rijiya da ƙofar shiga da wasu magidanta biyu. A cikin gidan aka haifi huɗu daga cikin 'ya'yana biyar, kuma duk shekara idan lokacin biya ya matso, sai wakilin mai gida ya zo da sabon ƙari, wani lokaci har da maganar cewa ɗan mai gidan zai yi aure, ana iya buƙatar sashen da muke ciki. Sana'ata sayar da atamfa da shadda ce a Kantin Kwari. Ba ni da shago na kaina, tebur gare ni a bakin shagon wani dattijo da na yi wa yaron kanti tun ina saurayi. Da abin da teburin nan yake kawowa, da adashin da muke zubawa duk mako, da kason da na samu bayan an sayar da gonar mahaifinmu a ƙauye, na tara abin da a ƙarshen 2022 na ga zai iya sayen madaidaicin gida a unguwannin gefen birni.

Kamar kowa, da dillalai na fara. Ba ni da niyyar ɓata sana'ar kowa, domin dillanci halattacciyar sana'a ce, mu kanmu da 'yan kamasho muke aiki kullum a kasuwa, kuma na san dillalan gidaje masu tsoron Allah waɗanda ba sa ɓoye wa mai saye aibi. Amma abin da na gamu da shi daban ne. Wanda na sani ya kai ni wurin wanda ya sani, shi kuma ya kira na uku, har ranar da za mu ga wani gida a Rijiyar Lemo muka cika adaidaita sahu biyu, kuɗin motar kowa a wuyana. Gidan ya kwanta mini, aka ce naira miliyan 13 ne ba ragi, kuma duk yadda na nemi a haɗa ni da mai shi sai a ce ya yi tafiya. Na haƙura saboda kuɗina ba su kai ba. Bayan wata biyu Allah ya haɗa ni da mai gidan a wurin wani ɗaurin aure, hira ta kawo hira, ya shaida mini cewa shi miliyan 11 ya ce a sayar, kuma har ranar bai san dalilin da ya sa masu zuwa gani ba sa dawowa ba. An ɗora miliyan 2 ke nan a kan kuɗin da ya yanka, ban da la'adar kashi 5 cikin 100 da aka ce zan biya daga aljihuna.

A daren na yanke shawarar cewa zan nemi gida da ƙafata, in zauna da mai shi ido da ido. Da na kai wa kawuna maganar, wanda shi ne madadin uba a gare ni, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: “Ban hana ka ba, zuwa da kai ya fi aike. Amma ka sani, idan ka cire dillali ba ka cire aikinsa ba, kai ne za ka ɗauke shi a kanka. Shi ne yake sanin gidan da ke da rigima da wanda babu, shi ne kuma ake kamawa idan ciniki ya ɓaci. Kai wa za ka kama?” Ban ba shi amsa ba a ranar, domin ba ni da ita.

Watannin farko na 2023 sun tafi a banza, saboda ƙarancin takardun kuɗi da canjin fasalin naira ya haifar ya tsayar da kasuwa cik, kowa ta cikinsa yake yi. Bayan ƙaramar Sallah na fara nema sosai. Duk ranar Juma'a, da yake ba na fita kasuwa da wuri, sai in zaɓi unguwa ɗaya in yi sallah a can, in gaisa da liman, in je in gaida mai unguwa, in bayyana kaina da sana'ata da abin da nake nema. Na zaga Ɗorayi da Ja'en da Sabuwar Gandu da Medile da Bachirawa. A hankali na gane cewa labarin gidan da za a sayar ba ya fara fita daga bakin dillali. Masu shayi da 'yan garuwa da masu ɗinkin bakin layi sukan riga shi ji, kuma mata sun riga kowa, domin su ne suke shiga cikin gidaje, su ne suke jin wadda mijinta zai koma Abuja da iyalin da suke shirin rabon gado. Saboda haka na roƙi uwargidana ta sanar da 'yan ajinsu na Islamiyya da duk inda ta je biki ko suna. Ta hanyarta kuwa labarin ya zo, a ƙarshen watan Yuli, cewa akwai wani gidan gado a yankin Sheka, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, wanda magada suka yanke shawarar sayarwa, kuma ba su riga sun ba dillalai ba.

Gida ne na bulo a kan fili ƙafa 50 sau 50, mai soro da shago a waje, ɗakuna uku da falo ɗaya a ciki, da madafi da banɗaki biyu, da rijiya, da wata tsohuwar bishiyar darbejiya a tsakar gida. Marigayin da ya gina shi tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Sharaɗa, ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya. Babban ɗansa namiji, wanda na riƙa kira Malam, shi ne ya karɓe ni, ya ce su shida ne, maza uku mata uku, duk sun yi aure, mahaifiyarsu kuma za ta koma wurinsa da zama.

Na yi sa'a da lokacin ya faɗo cikin watan Agusta, tsakiyar damina, kuma duk wanda ya tambaye ni shawara yanzu nakan ce kada ya sayi gida a Kano sai ya gan shi cikin ruwa. Gidaje da yawa a birnin nan an gina su ne a kan kududdufan da aka haƙa tun zamanin ginin ƙasa, daga baya aka cike su da shara da ɓaraguzai aka yanka filaye. Da rani gidan yana nan tsaf da sabon fenti, da damina kuma sai danshi ya taso daga ƙasa, bango ya fara tsagewa, masai ya cika ya dawo tsakar gida. Ranar da aka kwana ana ruwa, na bar kasuwa na tafi Sheka da sassafe ba tare da na sanar da kowa ba, na tsaya a bakin layin na ga inda ruwan kwata yake bi da inda yake kwanciya. Layin gidan a kan tudu yake, ruwa yana gangarewa ya bar shi. Bayan kwana biyu na dawo da birkilan da na yarda da shi da wani kafinta. Birkila ya bi bango yana ƙwanƙwasawa yana sauraro, ya ƙanƙare filasta a wuri biyu da izinin masu gida don ya ga ingancin bulon, ya auna tazarar da ke tsakanin rijiya da ramin masai. Kafinta ya ɗaga silin ya shiga, ya fito ya ce gara ta ci katakon ɗaki ɗaya, kuma kwanon madafi ya ruɓe. Da na tambayi Malam ko akwai abin da ba mu gani ba, sai ya ce rijiyar takan ja baya daga watan Afrilu har zuwa faɗuwar ruwa, sai an haɗa da 'yan garuwa. Wannan gaskiyar da ya faɗa da bakinsa ta sa na saki jiki da shi ƙwarai.

Kafin mu zauna ciniki, kawu ya sa na tambayi Malam ko sun yi wa maƙwabtan dama da hagu tayi, domin ba ya so in shiga unguwa da ƙullin wanda yake ganin an tsallake shi. Suka tabbatar an yi musu, ba su da hali, ni ma na je na ji daga bakinsu. Muka zauna a soron gidan bayan la'asar a farkon watan Satumba, ni da kawu a gefe ɗaya, Malam da ƙannensa maza biyu a ɗaya gefen. A nan na ji rashin dillali, domin shi ne yake ɗaukar maganar da ke da nauyin faɗa ya kai wa ɗaya ɓangaren a sassauce, ni kuwa dole in dubi idon mutum in rage darajar gidan da mahaifinsa ya gina. Suka sa suna miliyan 12, na taya miliyan 9 da rabi, suka ce albarka. Kawu ya kawo maganar katakon da gara ta ci da kwanon madafi, ba da sigar kushe ba, ya ce gyara ne da zai ci kuɗi kafin yara su kwana a ciki. Aka yi ta ja har aka kira magariba, bayan mun idar Malam ya ce sun sallama a miliyan 10 da rabi, aka yi fatiha.

Abin da ban yarda na yi tsimi a kansa ba shi ne lauya. Wannan shekarar ce aka yi rusau a Kano, a watan Yuni, lokacin da sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen da aka yi a tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi da wasu wurare, kuma ko me mutum yake gani game da siyasar abin, ya sa kowa a kasuwa ya fara tambayar asalin takardar da ke hannunsa. Lauyan da na ɗauka ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba duk tsawon zamana a birni. Ya ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don haka abin da mai satifiket, wato takardar shaidar fili ta gwamnati, yake riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani na wani wa'adi, wanda ga gidan zama yawanci shekara 99 ne, kuma sashe na 22 na dokar ya hana shi mayar da wannan haƙƙi ga wani sai da amincewar gwamna. Ya bambance mini awon gwamnati, wanda hukuma ta tsara ta ba kowane fili lamba, da awon igiya, wanda mai gona yake yankawa ya sayar da takardar hannu da shaidar mai unguwa da dagaci. Gidan nan asalinsa awon igiya ne, amma marigayin ya bi hanya tun yana da rai ya samo masa satifiket da sunansa. Lauya ya shigar da buƙatar bincike a KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen jihar, don a ga ko lambar da sunan sun dace da abin da ke cikin fayil, da ko an jinginar da gidan a banki, sannan ya duba a KNUPDA, hukumar tsara birane, ko gidan bai hau kan hanyar da aka tsara ba. Komai ya fito lafiya, in ban da bashin harajin ƙasa na wasu shekaru. A kan haka na ba da kafin alƙalami na naira 500,000, da rubutacciyar yarjejeniya cewa idan ciniki ya warware saboda wata matsala daga ɓangarensu, za a mayar mini da kuɗina cif.

Saura mako ɗaya in biya cikon kuɗin, uwargidana ta ce tana so ta je ta gaida matan layin, tun da su za ta zauna. A gida na uku ta tarar da wata tsohuwa wadda tun kafin a gina yawancin gidajen take zaune a wurin. Bayan gaisuwa tsohuwar ta tambaye ta: “'Yar nan, ita yarinyar Damagaram ta zo ne, ko aike ta yi?” Uwargidana ta ce ba ta san wata yarinyar Damagaram ba. Tsohuwar ta yi salati, ta ce marigayin ya taɓa auren wata mata 'yar Nijar kafin wannan, sun haifi 'ya mace, ita ce 'yar farinsa. Da auren ya mutu uwar ta koma garinsu da yarinyar tana shekara shida, a can ta girma, a can ta yi aure, kuma ta zo ta'aziyya lokacin rasuwar ta kwana bakwai a gidan. Da uwargidana ta dawo ta faɗa mini, tuwon da ke gabana ban iya ƙarasa shi ba. Babu fayil ɗin da zai nuna wannan, domin satifiket sunan mai gida yake ɗauke da shi, ba ya lissafa 'ya'yansa.

Washegari na sami Malam shi kaɗai, don ban so in kunyata shi a gaban ƙannensa ba. Na ce: “Malam, ku shida ne ko ku bakwai?” Ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce su bakwai ne. Ya rantse mini cewa ba su yi niyyar cin haƙƙinta ba, sun shirya idan kuɗi sun shigo za su fitar mata da wani abu su aika, kuma abin da ya hana su sanar da ita shi ne tsoron kada mijinta ya shigo cikin maganar ya jawo jinkiri, ga shi ƙaninsu ɗaya bashi ya yi masa katutu. Na yarda cewa ba ɓarawo ba ne, har yau ban ɗauke shi haka ba. Amma kalmar “wani abu” ita ce ta tsaya mini a rai, domin Allah bai ce a ba magaji wani abu ba, ya ƙayyade wa kowa rabonsa.

Na tafi wurin malaminmu da muke ɗaukar karatu bayan asuba, na ce: “Allah ya gafarta Malam, ga halin da nake ciki.” Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce gidan gado da ba a raba ba, kowane magaji yana da haƙƙi a cikin kowane taku nasa, don haka wanda ya sayar da kason wani ba da izininsa ba, cinikin wannan kaso a rataye yake har sai mai shi ya amince. Ya ƙara da abin da ya fi tayar mini da hankali, wato shuf'a. Ya ce a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a cikin gida ko fili da ba a raba ba yana da ikon karɓe kason da abokan tarayyarsa suka sayar wa bare, ya biya kuɗin da baren ya biya. Wanda yake gari ya ji labari ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa komai daɗewar tafiyarsa. Ma'ana, ina iya gyara gidan, in zauna shekara goma, rana ɗaya ita ko 'ya'yanta su shigar da ƙara. Ya ce ko da ba a taɓa kai ni kotu ba, in tuna a cikin gidan zan riƙa sallah, a ciki zan ciyar da 'ya'yana.

Na koma wurin Malam, ɗan marigayin, na ce masa ba zan ƙara biyan ko kwabo ba sai yayarsu ta amince da kanta. Suka kira ta a waya a gabana. Ta yi kuka, ba don kuɗi ba, sai don jin cewa har an sallama gidan mahaifinta ba a gaya mata ba. Ƙannenta suka ba da shawarar ta aiko da saƙon murya ta WhatsApp cewa ta yarda, lauya ya ce wannan ba zai wadatar ba, ita ma ta ce ba za ta wakilta kowa ba, sai ta zo ta ga gidan da idonta. To, a lokacin zuwan ba ya yiwuwa ta hanyar da ta dace. Sojoji sun hamɓarar da Shugaba Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, an rufe iyakar ƙasashen biyu. Akwai masu bi ta daji a kan babura, amma ita mace ce mai shekaru, ga ciwon ƙafa, mijinta ya ce ba za ta bi wannan hanya ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Wata bakwai muka yi muna jira, kuma su ne watanni mafi tsanani a gare ni. Wa'adin hayata ya cika a watan Disamba, dole na sake biyan shekara guda da ƙari. Naira tana ta faɗuwa, dala ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024, buhun siminti da muke saye dubu biyar da wani abu ya wuce dubu 10. Rabin kuɗin gidan da na bari a banki yana narkewa ina kallo. Abin da ya cece ni shi ne ɗaya rabin da na mayar cikin kaya bisa shawarar maigidana na kasuwa, domin atamfa da shadda suna tashi tare da dala. Abokai da yawa sun ce in karɓi kafin alƙalamina in nemi wani gidan, wasu kuma suka ce in biya kawai in shiga, macen da ke wata ƙasa ba za ta iya shari'a da ni ba. Labari ya kai ga dillalai, har wani ya kawo wa magadan mai saye da kuɗi a hannu wanda bai damu da sa hannun kowa ba. Mahaifiyarsu ce ta tsaya. Ta ce wa 'ya'yanta wannan bawan Allah shi ya tuna musu da 'yar'uwarsu, ba za a yi ciniki a kan cinikinsa ba tana raye.

An buɗe iyaka a watan Maris na 2024, cikin azumi. Bayan ƙaramar Sallah yayar tasu ta taso daga Damagaram ta biyo ta Matamaye da Kwangwalam da Daura, ta iso Kano tare da babban ɗanta. Mun haɗu a tsakar gidan, a ƙarƙashin darbejiya. Na gaishe ta da Yaya, don ta girme ni. Na gaya mata a gaban kowa cewa idan tana son gidan, ta fi ni cancanta, zan karɓi kuɗina in tafi ba tare da riƙo ba. Ta ce ba ta da halin saye, kuma rayuwarta tana can, ta amince a sayar. Sai dai ɗanta ya kawo maganar da na san za ta zo: kuɗin da aka yanka a watan Satumba ba su ne kuɗin watan Afrilu ba, kuma tun da mahaifiyarsa ba ta cikin cinikin farko, a sake sabo. Maganar ta yi mini ciwo, amma da na auna ta da ma'aunin da nake sayar da kayana a kasuwa, na ga ba zalunci a cikinta, domin ni ma ba na sayar da turmin atamfa a farashin bara. Muka daidaita a miliyan 12. Cikon ya fito ne daga sarƙa da 'yan kunnen gwal na uwargidana, waɗanda ta ɗauko da kanta ta ajiye a gabana ban tambaye ta ba, na kuma rubuta mata su a matsayin bashi a gaban yayanta.

Daga nan muka tafi kotun shari'ar Musulunci, inda aka shigar da maganar rabon gado. Alƙali ya sa aka kawo shaidu biyu daga dangin marigayin suka lissafa magada, aka tabbatar ba a bin sa bashi kuma bai bar wasiyya ba, aka tambayi kowane magaji shi kaɗai ko ya yarda da sayarwar da farashin. Matar marigayin ta sami tumuninta, naira miliyan 1 da rabi. Ragowar miliyan 10 da rabi aka kasa gida goma, kowane namiji kaso biyu, kowace mace kaso ɗaya, wato naira 2,100,000 ga kowane ɗa, da naira 1,050,000 ga kowace 'ya. Ban miƙa wa kowa tsabar kuɗi ba. Lauya ya riga ya gaya mini cewa dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kuma ko ba doka, shaidar banki ba ta mantuwa ba ta mutuwa. Na tura wa kowa kasonsa a asusunsa, na Yaya kuma a asusun wanda ta ambata da bakinta a gaban alƙali. Bashin harajin ƙasa da na wutar lantarki da ya taru a kan gidan, magadan suka haɗa suka biya kafin a ba ni makulli. Mai unguwa da liman da maƙwabta biyu suka sa hannu a takardar ciniki, na ba da goron shaida kamar yadda aka saba, liman kuma ya karanto aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda a cikinta aka umarce mu da kafa shaidu idan mun yi ciniki.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ajiye satifiket mai sunan wani a ƙarƙashin katifa, su ce sun mallaki gida. Ni ban tsaya ba. Lauya ya rubuta takardar mayar da mallaka, aka haɗa ta da takardar kotu da ainihin satifiket, aka nemi amincewar gwamna, aka biya kuɗin hatimi da na rajista, kuma sai da na yi sawu da dama kafin komai ya kammala da sunana. Idan aka bi lissafi, la'adar da na guje wa ba ta wuce naira 600,000 ba, alhali jinkirin ya ci mini miliyan 1 da rabi na ƙarin farashi da hayar shekara guda, ban da kuɗin lauya da ranakun kasuwa da na rasa. Da dillali ne a tsakani, wataƙila da tun watan Satumba na tare, a farashin farko. Sai dai da ba abin da zai kai uwargidana gidan tsohuwar nan kafin biya, domin da mun ɗauka cewa tambaya aikin wani ce, kuma an riga an yi ta.

Ranar da aka ba ni makulli, Yaya ta roƙi in bar ta ta shiga ɗakin mahaifinta ita kaɗai. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta dafa darbejiyar, ta ce tana tuna ranar da ya dasa ta, ita ce ta riƙe masa butar ruwa, kuma bayan wannan damina aka tafi da ita. Ta ce ba sharaɗi take kafa mini ba, gida ya zama nawa, amma idan babu dole kada in sare ta. Birkilana ya so a cire ta saboda saiwarta tana matsawa kusa da rijiya. Maimakon haka na sa aka haƙa aka datse saiwar da ke wannan gefen, aka zuba kankare a tsakani. Bayan shekara ɗaya Yaya ta zo Kano ganin likita saboda ƙafarta. Ƙannenta maza uku suna garin, kowa da gidansa, amma ta aiko ɗanta ya tambaye ni ko za ta iya sauka a wurinmu. Uwargidana ta gyara mata ɗakin mahaifinta, ta kwana uku a ciki.